Tsuntsun 'yata na neman mutuwa, maigida ya ce ba zai ƙara kashe ko dala ba

Assalamu alaikum Adda. Dan Allah a sakaya sunana. Ni matar aure ce a nan Garwa, yarana biyu ga kuma cikin wata shida. Da babbar 'yata mai shekara 10 ta yi ta ɗaya a lekol babanta ya sayo mata 'yan tsuntsayen nan ƙanana masu kama da aku, waɗanda ake ce ma perush, guda biyu, shuɗi da kore. Da sanyin nan ya shigo sai shuɗin ya fara kumbura gashi yana barci da rana, hancinsa na ruwa, ido ɗaya ya manne, kashinsa ya koma kore sharr. Wani mai saida maganin kaji ya ce in fasa kafso in zuba masa a ruwan sha, na yi ba sauƙi. Na kai shi gun likitan dabbobi ya ce ƙwayar cuta ce mai ƙarfi ta kama masa hanta da numfashi, ya rubuta doksisiklin wai sai an yi kwana 45 ana ba shi a baki. Kafin sati biyu ya warware yana ta surutunsa, maganin kuma ya ƙare, sai na bari. Yanzu ciwon ya dawo har ya fi na da, a ƙasan keji yake kwana. Maigida ya ce kuɗin da aka kashe ya ninka kuɗin tsuntsun, shi ba zai ƙara ko dala ba. Dada, uwar mijina, ta ce a buɗe keji a sake shi ya tafi da ciwonsa. Yarinya ko abinci ba ta ci sai kuka. Ni kuma gani nake ni na jawo masa. Adda ya zan yi?

Wa'alaikumus salam ƙanwata, Allah ya sauke ki lafiya, Allah ya ba shuɗi sauƙi ya kwantar wa 'yarmu da hankali.

Kin tambaye ni kan tsuntsu amma bari in fara da ke, don cikin wasiƙar nan gaba ɗaya abin da ya fi tsaya min a rai shi ne cikin wata shidan nan. Duk likitan da ya ga perush da hanci na ruwa, ido a manne, kashi kore, sannan ya rubuta doksisiklin na kwana 45, to ciwon da yake zargi shi ne wanda ake kira zazzaɓin aku, sitakoz a bakin likitoci, ƙwayar da ke kawo shi sunanta Chlamydia psittaci. Kuma wannan ciwo yana kama mutum. Ba sai tsuntsun ya cije ki ba, kashinsa ne in ya bushe ya zama gari, da ƙurar gashinsa da majinar hancinsa, mutum ya shaƙa lokacin shara ko kakkaɓe keji, ga shi muna cikin hunturu komai bushewa yake nan da nan iska ta ɗauka. Yakan ɗauki kwana 5 zuwa 14 kafin ya bayyana, zazzaɓi da ciwon kai mai tsanani da ciwon jiki da busasshen tari, kinga a garinmu duk wanda ya ji haka palu, wato zazzaɓin cizon sauro, zai ce ko tifoyid ya nufi farmasi, alhali maganin palu ba ya taɓa shi, in aka bar shi kuma yana sauka huhu. Ga mai ciki yana iya yin muni, har ya taɓa abin da ke cikin.

Ba don in tsorata ki nake faɗa ba, da yawa suna kiwon tsuntsaye shekara da shekaru ba su kamu ba, kuma ciwo ne mai jin magani in an gane shi da wuri. Amma daga yau ki cire hannunki daga kejin nan, ba ke za ki share ba, ba ke za ki riƙe shi ki ba shi magani ba. In kin je awo, ko ma kafin ranar, ki gaya wa ungozoma ko dokta da bakinki cewa akwai tsuntsu mara lafiya a gidanku kuma likitan dabbobi na zargin sitakoz, don ba kowa zai yi tunanin tambayarki ba. In zazzaɓi ko tari ya kama ki, ko Dada, ko yaran, a tafi lopital ranar a maimaita wannan maganar. Kuma dan Allah kar ki ce tunda doksisiklin ne maganin bari ki saya ki sha rigakafi, mai ciki ba a cika ba ta shi ba, akwai wanda dokta zai zaɓa miki in buƙata ta taso.

To yanzu maganar ganin laifin kanki. Eh, tsayar da maganin shi ya ba ciwon damar dawowa, ba zan ɓoye miki ba. Amma ke kin ga tsuntsu ya tashi yana ci yana surutu, kwalba ta ƙare, kuɗi ba a kwance suke ba, wa zai ce miki ba warkewa ba ce? Ƙwayar nan ɓuya take cikin ƙwayoyin jikin tsuntsun, maganin kuma yana cin ta ne lokacin da take hayayyafa, wadda ta lafe ba ta motsi sai ta tsira, shi ya sa ake jan kwanakin har 45 don a riske su duka. Sati biyu ya isa ya kwantar da alamun, bai isa ya gama da ita ba. Matar da ta ɗauki ɗan tsuntsun da bai kai nauyin ƙwai ba ta hau moto da tsohon ciki ta kai shi gun likita, ba ita za a kira mara kula ba. Abin da ya rage ki sani shi ne in aka koma kan maganin daga ɗaya za a fara ƙirga, kwanakin baya ba sa cikin lissafi.

Shi kuma kafson da aka fasa a ruwa kar a sake. Perush asalinsa tsuntsun busassun filayen Ostireliya ne, ruwan da yake sha a yini kaɗan ne ƙwarai, in kuma ya ji ɗaci sai ya ƙi shan gaba ɗaya, a tashi ba magani a jiki ba ruwa a jiki. Mai maganin kaji ba da mugunta ya faɗa miki ba, abin da ya sani ke nan, kaza tana shan ruwa da yawa kuma nauyinta kilo ne, wannan kuwa gram 30 zuwa 40 ne dukansa, ɗigo ɗaya da ya wuce ƙa'ida babban abu ne a jikinsa.

Gobe da safe a maida shi gun likitan nan, a cikin ɗan kwali mai huji an shimfiɗa tsumma, kar a bari sai jibi, tsuntsun da ya sauko ƙasan keji ya riga ya yi nisa don su ɓoye ciwo suke sai ya ci ƙarfinsu. A gaya wa likitan gaskiyar duk abin da ya faru, kafson da ranar da aka tsaya, ba kunya a ciki, da shi zai yi aiki. A tafi da takardar ƙasan kejin ta kwana ɗaya cikin leda ya ga kashin. A tambaye shi ko zai iya aika kashin ko majinar labo a duba, ku da kuke Garwa ga LANAVET nan a Bokle, babban labon dabbobi na ƙasa tun 1983, shi likitan ya san hanyar da ake bi da abin da suke karɓa. Dalilin da nake son a duba, akwai wasu ƙwayoyin irin su E. coli da Salmonella da maganinsu daban ne, kuma in tsuntsun yana amai ko yana ta ci amma yana ramewa, akwai wani ciwon ciki da ya yi yawa a perush wanda ake ce ma megabakteriya, shi kuwa duk da sunan nan dangin yis ne, antibiyotik ba ya masa komai. A kuma tambaye shi ko yana da doksisiklin na allura mai daɗewa a jiki wanda ake yi kusan sati-sati, in akwai shi ya rage muku wahalar kamun kullum. Sannan kore, kar ki ga yana tsalle ki ce lafiyarsa lau, keji ɗaya kwano ɗaya suka yi wata da watanni, yana iya ɗauke da ƙwayar bai nuna ba, in aka yi wa shuɗi magani aka bar shi to shi zai sake shafa masa. A raba musu keji yau, a sa likita ya faɗi yadda za a yi da shi.

Sai maigida. Ƙanwata ki yi masa adalci, mutumin da ya je kasuwa da kansa ya sayo wa 'yarsa kyauta don ta yi ƙoƙari ba mara tausayi ba ne. Lissafi yake, ga haihuwa nan da wata uku, ga kayan jariri ga ragon suna ga kuɗin lekol, kuma a idonsa an riga an kashe kuɗi sau ɗaya abin bai yi ba, me zai sa ya yarda karo na biyu zai yi? In kika tare shi da kuka da “ba ka damu da yarinyar nan ba” kin rufe ƙofar. Abin da ya fi firgita mai riƙe da gida shi ne kashe kuɗin da bai san ƙarshensa ba, don haka ki sa likita ya rubuta jimillar kuɗin maganin kwana 45 na tsuntsayen biyu a takarda, adadi ɗaya, ki ajiye masa a gabansa bayan ya ci abinci ya huta. In kina da ɗan abin hannunki ko kwasar adashe ta kusa ki ce ke za ki ɗauki rabi ko ma duka, kuma ki yi masa alkawarin iyaka, in an yi wannan bai yi ba ba za ki sake tada maganar ba. Daga nan ki gaya masa abin da na gaya miki a sama, cewa ciwon nan yana iya taɓa ki da abin da ke cikinki, kuma ko an yi magani ko ba a yi ba dole wani ya kama kejin nan ya wanke ba ke ba. Gaskiya hannunsa kike buƙata fiye da aljihunsa, minti biyar da safe kafin ya fita. Maza da yawa in aka ce kawo kuɗin tsuntsu za su ƙi, in aka ce kare matarka da ɗanka za su miƙe. In shi ba zai iya ba saboda fita da asuba, a nemi ƙaninsa ko wani babban saurayi a gidan mai lafiyar ƙirji, ko a roƙi likitan ya riƙe tsuntsun a gunsa ko da satin farko ne.

Dada kuma rabin maganarta gaskiya ce, tsuntsu mai ciwo bai kamata ya zauna inda ake kwana da cin abinci ba, kuma ita kanta da shekarunta tana cikin waɗanda ya kamata su yi nesa da shi. Ki fara da ba ta wannan gaskiyar, ki ce Dada kin yi daidai za a fitar da shi daga ɗaki yau. Sakin ne ba zai yiwu ba. An haife shi a keji, bai san neman abinci ba, ko tashi ba ya iya yi yanzu, kafin magariba mage ko shaho ya ɗauke shi, in ma ya kwana to kan tantabarun maƙwabta da kajin tsakar gida zai zubar da ciwon, ga yara na wasa a wurin. Wannan bayanin ki bar ɗanta ya yi mata, daga bakinsa zai fi shiga. Kuma tsofaffinmu sun fi mu sanin haƙƙin dabbar da aka tsare, in aka tuna mata cewa mu muka kulle shi don haka cinsa da jinyarsa na wuyanmu, ina kyautata zaton za ta sauko.

Ga wanda zai yi jinyar, ki karanta masa wannan. A sa kejin a wani ɗaki ko lungun da ba a zama, iska na shiga amma ba ta bugunsa, a rufe gefe uku da zane. Tsuntsu mai kumbura gashi sanyi yake ji, ƙarfin da zai yaƙi ciwo da shi yana ƙarewa wajen ɗumama jiki, ana so wurin ya kai kamar digiri 29 zuwa 30, kuma daren Garwa a wannan watan ba ya kai haka. Ƙwan lantarki mai zafi a gefe ɗaya na kejin daga waje ya isa, in kuran ya ɗauke a cika gora da ruwan ɗumi a naɗe da tsumma a jingina, gefe ɗaya kawai don in zafi ya ishe shi ya matsa. In aka ga ya buɗe baki yana haki ya ware fukafukai to zafin ya yi yawa. Kar a kusanto masa da kaskon gawayi, kar a yi turaren wuta ko a kunna maganin sauro ko a fesa fiya-fiya a inda yake, numfashin tsuntsu ba ya ɗaukar hayaƙi ko yana da lafiya balle yanzu. A sauko da sandar da yake tsayawa ƙasa-ƙasa, abinci da ruwa a gabansa inda ba sai ya hau ba.

Wajen ba da maganin, a sa takunkumi, a rage hasken ɗaki don ya fi kamuwa cikin sauƙi, a lulluɓe shi da ɗan hankici, kai tsakanin yatsu biyu, a tsaye ba a rigingine ba. Kar a matse masa ƙirji ko kaɗan, da motsin ƙirjin yake numfashi, in aka danne shi zai shaƙe a hannu. Sirinji ƙarami na mili ɗaya ba allura, a gefen baki, ɗigo ɗaya a jira ya haɗiye sannan na gaba, in aka tura da ƙarfi huhu zai tafi. Lokaci ɗaya kullum, adadin da likita ya auna da nauyinsa, ba ƙari ba ragi. Abu ɗaya da mutane ke mantawa, sinadarin kalsiyam yana riƙe doksisiklin ya hana shi shiga jini, saboda haka farin ƙashin nan da ake ratayawa a keji, da ɓawon ƙwai da 'yan tsakuwa, duk a cire sai an gama, zogale ma a ɗan dakata da shi. A sayi maganin da zai kai ƙarshe tun yanzu ko a san ranar sake karɓa, kar kwalba ta sake ƙarewa a tsakiya, a kuma tambayi likita kwana nawa wanda aka haɗa yake yi kafin ya lalace da inda za a ajiye shi.

Ci shi ne rai a gun ɗan tsuntsu, kwana ɗaya zuwa biyu ba ci yana iya kashe shi. Yanzu ba lokacin canja masa abinci ba ne, a ba shi abin da ya fi so, zangarniyar gero sukan ci ta ko sun ƙi komai, a jiƙa geron ya yi laushi, a ɗan murmusa gwaiduwar dafaffen ƙwai, abin da ya rage bayan awa biyu a zubar. A duba kwanon da kyau, sau da yawa ƙaiƙayi ne ya cika shi ana zaton hatsi ne. In ya ƙi ci sam, kunun gero mai ruwa-ruwa ba suga ba madara ba tsamiya, mai ɗumi kaɗan, ɗigo-ɗigo kamar maganin, amma likita ya fara nuna yadda ake yi. Avoka da albasa da shayi da gyaɗar da ta yi fumfuna kar su kusance shi. In za a samu ɗan sikelin gram irin na masu saida zinari a auna shi kowace safiya cikin kwali a rubuta, in ya zubar da gram 3 ko 4 a koma gun likita, in ba sikeli a shafa ƙirjinsa, ƙashin tsakiya in ya fito kamar bakin wuƙa to rama ta yi yawa. Shara kuwa ba tsintsiya ba kakkaɓewa, a yayyafa ruwa kan takardar ƙasa tukuna a naɗe a ƙulle a leda, kwanuka a wanke da sabulu kullum, keji a goge da javel, wato ruwan bilic, kamar cokali biyu na cin abinci a lita ɗaya na ruwa, a bar shi minti goma a ɗauraye a shanya a rana, tsuntsun na wani wuri har warin ya fita. A wanke hannu da sabulu bayan kowane taɓi.

'Yarmu kuma kar a yi mata ƙarya. Shekara 10 ta isa a zaunar da ita a ce shuɗi na jin jiki sosai, za mu yi iya ƙoƙarinmu, yana iya tashi yana iya tafiya, rai na Allah ne. Ba a fafe gora ranar tafiya, gara ta ji wannan daga bakinki yanzu da ta tashi wata safiya ta tarar da keji ba kowa an ce mata ya gudu. Ki ba ta aikin da ba taɓawa a ciki, ta zana gida 45 a takarda tana sa alama duk ranar da aka ba da magani, ita ke rubuta nauyi, ita ke tuna wa babanta lokaci, ta tsaya daga bakin ƙofa ta yi masa magana don ya san muryarta. Sumbatarsa da ba shi abinci daga baki da ɗora shi a kafaɗa duk a bari. Kuma kar kowa a gidan ya yi mata dariyar kukan tsuntsu. Ƙanin Anas ɗan Malik, yaron da ake kira Abu Umair, yana da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi, da ya mutu Annabi (SAW) ya gan shi cikin damuwa bai ce masa ai tsuntsu ne kawai ba, tsayawa ya yi ya tambaye shi labarin tsuntsun nasa. Ki ba ta wannan labarin, ki ba babanta ma. Ki ce mata kuma mai jinya sai ya ci abinci, in ta kwanta wa zai riƙe takardar?

In an koma kan magani daidai, yawanci cikin 'yan kwanaki ake fara ganin alama, ya ɗan buɗe ido, ya koma kan sanda, koren kashin ya fara raguwa, kuma a nan ne za a daure a ci gaba har gidan ƙarshe na takardar. In kuwa kwanaki sun wuce yana numfashi da baki buɗe, jela na sama da ƙasa, ba ya iya tsayuwa ba ya haɗiye ko ɗigo, to ku tambayi likita gaskiya tsakani da Allah, in ya ce ba fata a bar shi ya sauƙaƙa masa tafiya, wannan ma tausayi ne kuma ba laifin kowa a ciki. Gawar a jiƙa ta da ruwan javel, a ɗauka da leda a hannu, a binne da zurfi inda kare da mage ba za su tono ba, kore kuma ya ƙarasa nasa maganin. Kar a yi saurin sayo wani don share mata hawaye, a bari ki haihu ki yi arba'in, in an sayo ma a ware shi wata ɗaya zuwa kwana 45 kafin a haɗa su.

Yau da daddare dai a raba kejin a fitar da su daga ɗaki a sa masa gorar ruwan ɗumi, gobe shi gun likitansa ke gun ungozomarki. Ki rubuto min abin da su biyun suka ce, da wanda ya karɓi jinyar a gidan.